Wa Ya Saƙa Gwadon Kaka?

Yanzu da damina ta ɗauke, dawa ta kusa shiga rumbu, sanyin hunturu kuma ya fara sauka, a gidaje da yawa za a jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado domin a nemi abin rufa. A can ƙasan akwatin, bayan an ɗaga atamfofi da kayan Kirsimeti, sau da yawa akan tarar da wani tsohon mayafi mai nauyi, fari ko baƙi, wanda aka saƙa da hannu. Yara sukan ce wari ya ke yi. Matan gida sukan ce ya cika wuri. Ƙarshenta sai a shimfiɗa shi a shanya barkono, ko a yayyaga a yi gammo, ko a rufe kaji da shi.

'Yan'uwa manoma, a kan wannan mayafi na ke so mu yi shawara a wannan fitowa. Audugar da ke jikinsa a gonar wani ta fito. Wata mace ce ta gurje ta, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari. Wani masaƙi ya saƙa, wani marini ya rina. Idan mai akwatin ta rasu ba a tambaye ta ba, sunayen mutanen nan duka sun bi ta kabari. Mayafin zai rage, amma ba mai iya faɗin inda ya fito. Saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne mu tattara, mu tambaya, mu rubuta, tun masu ba da amsa suna da rai.

Abin da ke cikin akwatunanmu

Mu da ke zaune kudu da kogin Kaduna muna da wata sa'a wadda ba kowa ke da ita ba. Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Romi, har zuwa Gonin Gora, unguwanni ne da suka tara mutane daga kusan kowane lungu na ƙasar nan. Gbagyi aka tarar a wurin. Sa'an nan aikin jirgin ƙasa da aikin masaƙu suka kawo Bajju, Atyap, Ham, Adara, Tibi, Idoma, Igala, Nufawa, Yarbawa, Ibo da Hausawa. Amaryar da aka kawo daga gida takan zo da zanen garinsu. Wanda ya je jana'iza ƙauye yakan komo da abin da aka raba masa na gado. Don haka a ikilisiya guda ɗaya ana iya samun saƙar garuruwa goma.

Ga kaɗan daga cikin abin da za ku iya tararwa. Akwai gwado, watau farin mayafin auduga mai kauri. Akwai luru, mai nauyi da ratsi-ratsi, wanda aka fi sanin masaƙan ƙasar Kano da shi. Akwai saƙi, mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari kamar jikin zabo. Akwai tsamiya, wadda zarenta daga gidan wata tsutsa a ke samunsa. Akwai sakala, bargon gashin tumaki da fatake ke kawowa daga wajajen Mali. Akwai saƙar matan Bida da ta matan Okene, da kuma zanen Tibi mai ratsin baƙi da fari.

Har wa yau akwai wani iri wanda aka fi rainawa, shi ne mayafin haɗe-haɗe. Uwa takan tara guntayen atamfa da tela ya rage, da tsofaffin zannuwan da suka fara mutuwa, ta harhaɗa, ta ninka biyu ko uku, ta bi da allura, ta yi wa yara abin rufa ko shimfiɗar jariri. Kowane guntu a jikinsa yana da labarinsa: wannan na rigar baftisma ne, wancan na zanen Zumuntar Mata ne na wata shekara. Dabarar ninka ƙyalle a cusa auduga a tsakani a bi da ɗinki kuwa tsohuwa ce a ƙasar nan. Ita ce ta lifidi, rigar yaƙin doki da mahayinsa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi Kano.

Daga gona zuwa masaƙa

Dalilin da ya sa wannan magana ta shafi manomi shi ne, tarihin zane tarihin auduga ne. A 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya sauka Kano. Ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a can suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Audugar kuwa daga gonakin talakawa ta ke fitowa, mafi yawa daga ƙasar Zazzau da Katsina da Kano. Mata ke yin kaɗi a gida, siririn zare domin tsayuwar saƙa, abawa mai kauri domin kwanciyarta.

Turawan Ingila suka kafa kamfanin sayen auduga na B.C.G.A. a 1902, hanyar jirgin ƙasa kuma ta isa Kano a 1911. Nufinsu shi ne a kwashi auduga a kai masaƙun ƙasarsu. Amma shekara da shekaru masaƙan gida suna biyan manomi kuɗin da ya fi na kamfani, har aka shigo da wani irin auduga na Amurka mai suna Allen, wanda injin Turawa ya fi so. Sannu a hankali akoko da alawayyo da atamfa masu araha suka cika kasuwa. Mata suka ajiye mazari, 'ya'yan masaƙa suka kama wata sana'a. Yau in ka sami gwadon da aka saƙa da zaren hannu tsantsa, ka sami abin da masu iya yinsa suka rage ƙwarai.

Atamfar Kakuri ma ta shiga tarihi

Kada mu ɗauka saƙar hannu kaɗai ta cancanci ajiya. A 1957 aka buɗe masaƙar K.T.L. a Kakuri, haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. A cikin shekarun 1960 Nortex da Arewa Textiles da U.N.T.L. suka biyo baya. Dubban iyayenmu sun ci abinci a wurin, manoman Funtuwa da Gusau da Zariya kuma sun sami kasuwar audugarsu. Majami'u da yawa a wannan gefen kogi da zakar ma'aikatan masaƙa aka gina su.

K.T.L. ta rufe a 2002. U.N.T.L. ta tsai da aiki a 2007, ko da ya ke an yi ƙoƙarin tayar da ita daga baya. Yaron da aka haifa bayan wannan lokaci bai san Kakurin da ke cika maƙil da kekuna a lokacin canjin ma'aikata ba. Saboda haka turmin atamfar da ke ɗauke da sunan ɗaya daga cikin masaƙun nan a gefensa shaida ce ta aikin hannun iyayenmu. Tsofaffin ma'aikata suna nan a cikinmu, waɗansu ma membobin ƙungiyoyinmu ne. Mutumin da ya shekara ashirin a ɗakin buga zane, in ya taɓa atamfa da yatsa yakan gane ta ina ce. A neme su.

Mu tuna kuma da abin da ya same mu a 2000, sa'ad da rikici ya raba garin nan, Kirista da Musulmi da yawa suka ƙetare kogi ba shiri, akwatuna suka ƙone ko aka bar su a baya. Abin da ya tsira daga wannan wuta ya ƙara daraja.

Abin da manoman Alabama suka yi

Wataƙila wani zai ce, wannan ai aikin waɗanda suka ƙoshi ne. To, ga labarin waɗansu matalauta 'yan'uwanmu. A jihar Alabama ta ƙasar Amurka akwai wani lungu mai suna Gee's Bend. Mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Matansu sukan yayyanka tsofaffin wandunan aiki da buhunan yadi su ɗinka bargunan haɗe-haɗe domin sanyi, kamar dai yadda iyayenmu mata ke yi.

A ƙarshen 1965 wani limamin ikilisiya mai suna Francis Walter ya ga irin bargunan nan a shanye a kan igiya a yankin. Ya riƙa saye kan dala 10 kowane ɗaya, ana kaiwa birnin New York ana sayarwa, ana komo wa matan da kuɗin. A 1966 suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, wata mace daga cikinsu, Estelle Witherspoon, ta riƙe ragamarta. Suka gina ɗakin ɗinki nasu na kansu. A 2002 aka baje bargunan Gee's Bend a manyan gidajen nune-nune na Houston da New York, a 2006 kuma gwamnatin ƙasar ta buga hotunan guda 10 a kan kan sarki. Abin lura shi ne, kusa da kowane bargo an rubuta sunan matar da ta ɗinka shi.

A wata jiha kuma, Kentucky, a 1981 aka fara wani shiri mai sauƙi. Akan sa rana, a yi shela, mutane su kawo tsofaffin bargunansu. A auna, a ɗauki hoto, a rubuta abin da mai shi ya sani, ya koma gida da abinsa. Da haka suka rubuta labarin barguna wajen 1,000, sauran jihohi kuma suka yi koyi da su. Wannan ba ya bukatar injin ko rance. Littafi ne da alkalami da haƙuri.

Yadda a ke gane asalin zane

Kafin a tambayi mutum, zanen da kansa yana da abin da zai faɗa. Ku shimfiɗa shi a inuwa a kan tabarma mai tsabta, ku duba abubuwa biyar.

Na ɗaya, faɗin saƙa. Saƙar maza siririya ce mai tsawo, akan haɗa falle da yawa gefe da gefe. Wata faɗinta bai fi yatsa ba, wata kamar tafin hannu, ta luru kuwa ta fi haka. Ku ƙirga yawan fallen, ku auna faɗin ɗaya. Saƙar mata, wadda a ke yi a masaƙar tsaye, faɗinta yakan kai kamu guda, falle biyu ko uku sun isa zane, sau da yawa kuma da geza a baki.

Na biyu, zare. Ku ɗaga zanen ku duba ta wajen haske. Zaren mazari ba ya tafiya daidai, nan kauri, can siriri. Zaren kamfani kuwa sumul ya ke daga farko har ƙarshe. Masaƙan hannu da yawa sun koma sayen zaren kamfani daga baya, don haka saƙar hannu da zaren hannu a tare alama ce mai kyau ta tsufa. Zare mai ƙyalli irin na roba na baya-bayan nan ne.

Na uku, ɗinki. Ku juya bayansa ku ga ko da allura aka haɗa ko da keke.

Na huɗu, rini. Shuni yakan bar alama in an goga farin ƙyalle mai laima a bakin zanen. Amma kada a yanke hukunci da wannan kaɗai, gama tun 1897 aka fara sayar da shunin kamfani a Jamus, ya kuwa iso marinanmu.

Na biyar, irin kayan. In akwai silin zare da ya riga ya zare da kansa, a cire shi a kai nesa da zanen a sa masa ashana. Auduga takan yi warin takarda ta bar toka mai laushi. Gashin tumaki da tsamiya sukan yi ƙauri irin na gashi. Na roba yakan narke ya dunƙule.

In atamfa ce, a duba gefenta, gama a nan kamfani ke buga sunansa. Zannuwan bikin ikilisiya da na taron Zumuntar Mata sau da yawa suna ɗauke da shekara, su ne mafi sauƙin ganewa.

Ranar Gwado

Shawarata ita ce, kowace ƙungiya ta sa rana ɗaya a cikin rani, tsakanin gama sussuka da sharar gona. A roƙi fasto da dattawan ikilisiya su ba da ɗakin makarantar Lahadi. Shugabar Zumuntar Mata ta yi sanarwa mako biyu kafin ranar. A gayyaci maƙwabta Musulmi, musamman tsofaffin masaƙa da marina da teloli, domin sunayen saƙa da yawa a bakinsu su ke. Magatakarda ya zo da sabon littafi. Matasa biyu su riƙe awo da wayar ɗaukar hoto. A faɗa tun da wuri cewa kowa da kayansa zai koma gida, don kada tsofaffi su ji tsoro su ɓoye.

Kowane zane a ba shi lamba da shafi guda. A rubuta sunan mai shi da garinsu na asali, da sunan zanen da Hausa da kuma harshen gida. A tambaya wa ya ba ta, a wane dalili, aure ne ko haihuwa ko gado. A tambaya wa ya saƙa, a wane gari, ko a wace kasuwa aka saya. A tambaya ko audugar ta gonar gida ce, wa ya kaɗa ta.

Tsofaffinmu ba su riƙe shekara da lamba ba, amma sun riƙe ta da abin da ya faru. Kada a ce, "Mama, a wace shekara?" A ce, "Mama, da sule aka saya ko da naira?" Naira ta fito ne a farkon 1973. Zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna 1956 ne. Mulkin kai 1960. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Babban fari 1973. Hawan dabar FESTAC a Kaduna 1977. Zuwan Paparoma Kaduna 1982. A ce wata dattijuwa ta ce da wannan gwado aka kai ta ɗakin miji, kuma tana goyon ɗan fari aka yi hawan Sarauniya. Kun ga gwadon ya riga 1956 ke nan, ba tare da an ƙaga kome ba.

Ga wata doka guda wadda ba a ƙetarewa. Abin da aka gani da ido a rubuta an gani. Abin da aka ji a rubuta wa ya faɗa. In mutum biyu sun saɓa, a rubuta maganar kowa. Kada a ƙara wa zane shekaru don a ji daɗi, gama ƙarya guda takan ɓata littafi duka. In an sami abin da ya gagari kowa, a kai hotonsa Gidan Tarihi na Kaduna da ke titin Ali Akilu, ko Gidan Arewa, ko sashen koyar da zane da saƙa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Ajiya

Abokan gaban hatsi su ne abokan gaban zane: laima, gara, ɓera da ƙwari. A ɗora akwati a kan katako ko dutse, kada ya taɓa ƙasa ko bango. In akwatin ƙarfe ne, a naɗe zanen cikin farin yadi wankakke saboda tsatsa. Kada a ƙulle shi a leda, gama leda tana riƙe gumi, zane ya yi fumfuna. A sa busasshen ganyen dogon yaro cikin ɗan ƙunshi a kusurwar akwati. Sau ɗaya a shekara, da hunturu, a fitar a sha iska a inuwa, domin rana tana cin launi. In za a mayar a sake ninki ta wani wuri, ko a naɗe kamar tabarma, don kada ya karye a kan layi ɗaya. Kada a wanke tsohon zane da garin sabulu mai ƙarfi ko ruwan faranta kaya. Kada a yi rubutu a jikinsa da biro. A rubuta lambarsa a ɗan farin ƙyalle a ɗinka a gefe.

In mai saye ya zo

Akwai masu yawo gida gida suna neman tsofaffin kaya, su ba da abin da bai kai kuɗin tiyar masara ba. Mutanen ƙasar Ham sun san yadda aka kwashe kayan tarihin Nok da araha, suka ƙare a hannun attajiran ƙasashen waje. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Irin wannan ba a sayar wa kowa sai wanda hukuma ta amince da shi, ba a kuwa fita da shi ƙasar waje sai da izini.

Wanda bai kai wannan tsufa ba, na mai shi ne, yana da ikon sayarwa. Mun san akwai ranar da kuɗin makaranta ko na asibiti ke tilasta mutum. Amma kada mutum ya yi ciniki shi kaɗai a ɗaki. A shawarci iyali, a kira shugabannin ƙungiya, a tabbata an rubuta zanen a littafi an ɗauki hotonsa tukuna. Yadda mu ke haɗa buhunanmu mu sayar tare don kada 'yan baranda su cuce mu, haka ya kamata mu yi a nan ma. Kuma zanen da ke da labari a rubuce ya fi wanda ba shi da shi daraja a ko'ina.

Akwai riba ta wata fuskar kuma. 'Yan matanmu da ke koyon ɗinki, in sun ga aikin kakanninsu a shimfiɗe, za su sami abin koyi. Guntayen atamfar da teloli ke sharewa su ƙone kowace yamma a Kakuri da Sabon Tasha sun isa a yi barguna da yawa. Wadda ta ɗinka kuwa ta sa sunanta da shekara a gefe, don kada jikokinta su sha wahalar da mu ke sha yanzu.

A cikin Ayyukan Manzanni sura 9 muna karanta labarin Dokas ta Yafa. Da ta rasu, gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Sun san hannun da ya yi aikin, shi ya sa sunanta ya iso gare mu. A kowace ikilisiyarmu akwai irin su Dokas, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, waɗansu suna zaune a bencin gaba kowace Lahadi, idonsu ya fara rauni amma tunaninsu garau. A je a gaishe su a wannan rani, a tafi da littafi. Ƙungiyar da ta yi Ranar Gwado ta aiko mana da labarin abin da ta samu, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.